Muryar Dogo a Bakin Mai Zobe

Duk inda ka juya a garin nan, Zafafan Bana ne ke tashi. Shagon aski, motar haya, gidan mai, har mai wankin mota ya rataye ƴar lasifika a jikin famfo yana bin amshi. Kundi ne da kamfanin Abba ya tattara waƙoƙin da suka fi tashe a shekarar ya zuba su a faifai guda, kuma tun fitowarsa ya haye na ɗaya a gidajen rediyo, ya zauna daram ya ƙi sauka.

Kowa a kamfanin bakinsa har kunne, ban da Auta.

Ita ce ƴar Abba ta ƙarshe, ita ce kuma mai haɗa sautin kamfanin. Duk waƙoƙin kundin sun bi ta hannunta in ban da ta farko, wadda Yaya, babban wanta kuma manajan kamfanin, ya cusa a ƙurarren lokaci tana kwance tana fama da zazzaɓi. A motar haya ta fara jin ta. Muryar Mai Zobe ce, tauraron kamfanin, mutumin da babu yatsan da ya bari babu zobe. Amma waƙar ba tasa ba ce. Tsaya Kusa ta Dogo ce.

Dogo makaɗin fiyano ne a kamfanin, shi ne kuma wanda Auta ta ce in ba shi ba sai dai ta tsufa a gidansu. Ranar da ya je neman aurenta, Abba ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce ya ci abinci da makaɗa da mawaƙa shekara da shekaru, ya san cikinsu, ba zai ba su ƴarsa ba. Washegari Dogo ya zauna gaban fiyano a situdiyo, ya rera mata waƙar nan ita kaɗai, ta naɗa ta adana a kwamfutar aikinta. Babu wani kwafi a duniya sai wannan.

To yau ga shi har masu tallan katin waya sun haddace ta. Haba! Ko dutse ne a ƙirjin mutum ai sai ya tsage.

Dogo ya ajiye aiki ba tare da ya yi wa kowa sallama ba, ya daina ɗaga wayarta. Da ƙyar ta gano shi a wani shagon sayar da kayan kiɗa, yana zaune a bayan kanta yana ɗaura wa jita tsirkiya.

"Dogo."

Bai ɗago ba. "Auta, don Allah ki tafi. Mai shago ba ya son hayaniya."

"Ba hayaniya na zo yi ba. Ka dube ni mana."

Ya dube ta. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Nan take hawaye suka ɓalle mata.

"Wallahi ba ni na ba shi ba."

"Mutum nawa ne ke da waƙar?"

"Ni kaɗai."

"To?"

"To me? Yanzu ni kake tuhuma? Ni da na yi fito-na-fito da mahaifina saboda kai?"

Ya ajiye jitar a hankali. "Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba sunana da ba a sa a bayan faifan ba. Jiya wata yarinya ta shigo nan tana ba ƙawarta labari, wai Mai Zobe ƴar mai kamfani ya yi wa waƙar, wai bikinsu ya kusa. Ina tsaye ina miƙa mata kayanta. Har ta tambaye ni ko na iya kaɗa ta."

"Ƙarya suke yi!"

"Na kaɗa mata, Auta. Ta ce na ƙoƙarta, amma ban kai mai waƙar ba."

Ta dafa kantar. "Ka ba ni lokaci. Zan nuna maka."

"Ba na son ki nuna mini komai. In kin gaji da jira ne, da sai ki faɗa mini da bakinki. Ni talaka ne, amma ina jin magana."

Ya koma kan tsirkiyarsa. Ta daɗe a tsaye tana kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Daga shagon kai tsaye ofishin Yaya ta nufa, ta banko ƙofa ko sallama babu. Yana kishingiɗe a kujera, ƙafa kan tebur, faifan kundin a jere a bango cikin gilashi.

"Yaya, kai ka shiga kwamfutata?"

"Kwamfutarki? Da kuɗinki kika saya?" Ya yi dariya. "A situdiyon kamfani aka naɗe ta, da wutar kamfani, da fiyanon kamfani. Na ji waƙa mai kyau tana ruɓewa a cikin inji, na fito da ita ta sha iska. Ki gode mini."

"Ka raba ni da mutumin da nake so, kuma in gode maka?"

"Abba ne ya raba ku, ni share wurin kawai na yi. Ke ki yi hankali. Kwantiragin Mai Zobe ya kusa ƙarewa, wasu kamfanoni na zawarcinsa. Ya ce ke yake so. In ya zama surukin gidan nan, ina zai je?"

"Au, ni ce igiyar ɗaure shi ke nan."

"Kira shi duk abin da kika ga dama."

Kafin ta ba shi amsa wani ƙamshin turare mai hawa kai ya cika ofishin. Mai Zobe ne ya shigo, tabarau a ido cikin ɗaki, yana kaɗa mukullin mota.

"A'a, sarauniyar sauti! Kin ji yadda waƙarmu ke girgiza gari?"

"Na ji waƙar Dogo."

Ya cire tabarau ya yi murmushi. "Wane Dogo? Ɗan fiyanon nan? Yarinya, waƙa ta wanda ya fito da ita ce. Shi da zai yi shekara yana rera ta, ko kajin unguwarsu ba za su waiwayo ba."

Su biyun suka kwashe da dariya, har da tafawa.

Abin mamaki, kukan Auta ya tsaya cak. Wani sanyi ya sauko mata tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Haka ne," ta ja musu ƙofa a hankali.

Wanda ya san Auta ya san ihunta ba abin tsoro ba ne. Shirunta ne masifa.

A gida ta tarar da Umma tana ninke kaya a bakin gado. Umma ta jawo ta ta zaunar.

"Ke kin ga yadda kika koma kuwa? Ƙashin wuya duk a waje. Saurara, Abbanki ya ce ki yi shiga ta mutunci ranar walimar kundin nan. Zai yi sanarwa a kan maganar aurenki."

Auta ta ɗago kai. "Da wa?"

"Bai faɗa mini ba. Kin san halinsa, magana ba ta fita bakinsa sai ya ga makirufo da jama'a. Yayanki dai ya ce an gama komai."

"Umma, ni fa ba yarinya ba ce. Ba wanda zai sanar da aurena ban sani ba."

"Ba wanda ya ce dole. Amma ki dubi girman mahaifinki, ki dubi ma'aikatan da ke ci a ƙarƙashinsa. Shi yaron ma da kike haukan a kansa, ina yake? Ko waya yana kira?"

Nan ne ya fi zafi, kuma Umma ta sani. Auta ta kwantar da kai a cinyarta ta yi kuka mai isarta, Umma na shafa mata baya tana cewa ta yi haƙuri, komai mai wucewa ne. Ba ta san kukan nan ba na haƙuri ba ne.

Da safe Abba ya aiko a kira ta ofishinsa. Ta ce a gaya masa aiki ya sha mata kai. Ya sake aikowa, ta toshe kunnuwanta da hedifon ta kulle situdiyo.

Akwai abin da duk ma'aikatan kamfanin suka sani amma ba mai faɗa: Mai Zobe ba ya waƙa a kan dandamali. Mamin yake yi. A kashe masa makirufo, a saki waƙar da aka naɗa, shi kuma ya riƙa motsa baki yana yarfa hannu. Yana sa ƴar na'ura a kunnuwansa biyu, ta nan yake jin waƙar don kar bakinsa ya saɓa, kuma in ta toshe masa kunne ko ganga aka buga a gabansa ba zai ji ba. Abin da ke shiga kunnensa daban, abin da ke fita ta lasifikokin zaure daban, dukansu kuma daga teburin Auta suke tashi.

Ta buɗe waƙoƙin biyu ta jera su a kan allo, ta Dogo a sama, ta Mai Zobe a ƙasa. Dariya ta kusa kama ta. Don tsabar lalaci ko fiyanon ba su sake ba, na Dogo suka ɗauka suka lafta masa ganguna. Shi kuma gogan ya bi muryar Dogo sawu da ƙafa, inda ya ja numfashi nan ya ja, inda ya tsaya nan ya tsaya. Waƙoƙin sun hau kan juna cif.

"Kun ce waƙa ta wanda ya fito da ita ce," ta faɗa a fili, ita kaɗai a ɗakin. "To ni ma zan fito da ita."

Ranar walima tun da la'asar zauren otal ya cika ya batse. Ƴan jarida, masu gidajen rediyo, dillalan faifai, ga kyamarorin talabijin ana haskawa kai tsaye. Abba na zaune a sahun gaba, Umma a gefensa, Yaya sai kai-kawo yake yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Auta na can ƙarshen zaure a bayan teburin sauti, ta yi shigar mutuncin da aka ce ta yi.

Mawaƙan kundin suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya. Ta yi wa kowa aikinsa tsaf, don ba su yi mata komai ba.

Sai mai gabatarwa ya ja murya ya kira Mai Zobe. Zaure ya kaure da ihu. Ya fito cikin farar kwat, zobba na walƙiya, ya nuna teburin sauti da yatsa ya dafa ƙirji. Ƴan mata suka hau shewa.

Auta ta kai hannu kan teburin. Ta tura masa tasa waƙar cikin kunne. Ta saki ta Dogo a zaure.

Babu ganga, babu ado. Fiyano kawai, sai wata murya mai taushi, mai ɗan kaushi a ƙasa, ta cika wurin.

Ihun ya fara raguwa. Mutane suka shiga kallon juna.

Mai Zobe kuwa bai san abin da ake ciki ba. Ya lumshe ido, ya karkace baki, yana taka rawa da gangunan da shi kaɗai ke ji. Yana tsalle a inda babu kiɗan tsalle. Muryar wani na fita daga bakinsa, shi kuma sai murza kafaɗa yake yana kashe wa kyamara ido.

Wani daga baya ya ce, "Kai, wannan ba muryarsa ba ce!"

Dariya ta fashe daga kusurwa guda ta bazu. Wayoyi suka tashi sama. Mai Zobe ya ga hannuwa a sama ya ɗauka yabo ne, ya ƙara ƙaimi.

A tsakiyar waƙar akwai inda Dogo ya yi tari ya ce, "Yi haƙuri, bari in ci gaba," daidai gurbin da su suka cike da ganguna. Auta ba ta goge shi ba. Tarin ya fito tar a lasifika daidai lokacin da Mai Zobe ya buɗe hannuwa yana juyi. Wani dillali ya faɗo daga kujera don dariya.

Yaya ya taho a guje yana ture mutane. "Kashe! Kashe shi, don ubanki!"

"Uban namu ɗaya ne, Yaya," ta ce, ta tare teburin da jikinta. "Bari ta sha iska."

Waƙar ta zo ƙarshe. Mai Zobe ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya zare zobe daga ɗan yatsansa ya ɗaga shi wajen Auta. A daidai nan muryar da ke lasifika ta daina waƙa ta koma magana, a hankali, kamar mai raɗa.

"Auta, wannan taki ce ke kaɗai. Ni ne Dogonki. Kashe na'urar, kunya nake ji."

Zauren ya fashe da ihu gaba ɗaya.

Mai Zobe ya zare abin kunnensa yana murmushi, ya ji abin da ake faɗa, murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya jefar da makirufo ya ruga bayan labule, har takalmi ɗaya ya bari a kan dandamali.

Wallahi Auta ta ji daɗi. Ba za a ɓoye ba, ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba tun ranar motar hayar nan. Ta tsaya ƙyam tana kallon Yaya yana zufa, tana jin zuciyarta na yin sanyi.

Sai ta hangi Abba ya miƙe.

Bai yi ihu ba. Ya dube ta daga can, ya nuna ƙofar ƙaramin ɗakin da ke gefen zaure, ya yi gaba.

Ɗakin ajiye kujeru ne, babu taga. Umma ta shigo tana salati, Yaya na biye yana huci. Auta ta shiga ta tsaya, kanta a sama. Abba ya leƙa waje ya ce da wani, "Kai ma shigo."

Dogo ne ya shigo.

Sabuwar riga ce a jikinsa, har karin guga bai baje ba, ya yi aski. Auta ta zaro ido.

"Me... me kake yi a nan?"

Yaya ya yi tsalle. "Ka gani ko, Abba! Ga shi nan! Tare suka ƙulla! In ba haka ba me ya kawo shi?"

"Rufe mini baki," in ji Abba. "Ni na gayyace shi. Kai kuma ɓarawo, zan dawo kanka."

Ya juyo ga Auta. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kunnen nan nawa shi ya gina kamfanin nan. Kina tsammanin zan ji waƙa in kasa gane hannun da ya kaɗa ta? Na kira ki ofis in yi miki magana, kika ce aiki ya sha miki kai. Ashe wannan ne aikin."

"Abba, sun zalunce ni..."

"Sai kika rama a kaina! A gaban abokan sana'ata, a gaban duniya! Gobe wa zai sayi faifai mai sunana? Mawaƙan nan da ba su ci ba su sha ba, kin san abin da kika yi wa abincinsu?" Ya ɗaga hannu, muryarsa ta karye. "Ni na haife ki, ni na koya miki teburin nan da hannuna. Tunda abin da kika zaɓa ke nan, ki saurara da kyau. Daga yau, ni ba..."

Umma ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafarsa. "Kar ka faɗa! Don girman Allah kar ka faɗa! Bakin uba ne!"

"Sake ni!"

"Ni na sa ta."

Kowa ya juya. Dogo ne, kansa a sunkuye.

"Ranka ya daɗe, ni na sa ta. Ta zo shagonmu tana kuka, na ce ba zan ƙara kallonta ba sai ta tona musu asiri a bainar jama'a. Ni na tsara mata yadda za ta yi. Ta roƙe ni in bari, na ƙi. In akwai wanda za ka yi wa baki, ni ne."

"Ƙarya ne!" Auta ta ƙwalla ƙara. "Abba, wallahi ƙarya yake yi! Ko wayata ba ya ɗagawa! Ni kaɗai na yi!"

"Ji ta," in ji Yaya. "Har yanzu kare shi take."

Abba ya daɗe yana kallon Dogo. Hannunsa da ke sama ya sauko a hankali.

"Jiya ka zauna a falona," ya ce. "Ka sha ruwan gidana. Na ba ka haƙuri da bakina, ni da ban saba ba kowa haƙuri ba. Na ce zan sa sunanka a bugu na biyu. Na ce yau, in an gama waƙe-waƙe, zan kira ka kan dandamali in gaya wa duniya na ba ka ƴata. Duk kana zaune kana sunkuyar da kai, ashe ka san abin da ka shirya mini."

Ɗakin ya juya wa Auta. Ta dafa jerin kujeru, suka zame, ta durƙushe.

"Ni... Dogo za ka ba ni? Abba, Dogo?"

Abba ko kallonta bai yi ba.

"Na janye maganata," ya ce da Dogo. "Muddin ina numfashi, babu kai babu ita. Fita."

Auta ta rarrafa ta riƙe bakin sabuwar rigar. "Ka faɗa masa gaskiya! Dogo, don Allah ka faɗa masa! Gara ya tsine mini!"

Ya sunkuyo ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na zuba a fuskarsa, amma muryarsa ƙasa-ƙasa take, yadda ita kaɗai za ta ji.

"Na yarda ba ke kika ba su ba, Auta. Tun jiya na sani. Na so in kira ki, Abbanki ya ce in bari ya ba ki mamaki."

Ya miƙe, ya russuna wa Abba, ya russuna wa Umma, ya buɗe ƙofa ya fita.

Ta yunƙura za ta bi shi. Abba ya mayar da ƙofar ya rufe, ya tsaya a jikinta.